Jirgin Kawu

Duk wanda aka ce wa Magama, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne shingen kan iyaka, da ma'aikatan kwastan, da manyan motoci a jere suna jiran a ɗaga musu ƙarfe su wuce Ɗan Isa su nufi Maraɗi. In ya ƙara tunani ya tuno 'yan canjin sefa da buhunan shinkafa da jarkokin fetur. Ba mai kawo jirgin ruwa cikin zancen. Shi ya sa ranar da na shaida wa 'yan'uwa a wurin taronmu cewa rubutun da zan ba mujalla a kan gyaran jirgi ne, wani dattijo daga cikinmu ya tuntsire da dariya ya ce, "Malam, ina Bakatsine ina jirgi? Ko dai na sama kake nufi?" Ban ji haushi ba ko kaɗan, domin ni ma da ba a gidanmu abin ya faru ba, tambayar da zan yi ke nan.

Jirgin na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. Farin 1973 ne ya kore shi daga Magama yana saurayi. Ya tafi cin rani Yawuri da niyyar wata huɗu, ya yi shekara goma sha takwas. Lokacin nan tafkin Kainji bai daɗe da cika ba, tunda a 1968 aka gama madatsar, kuma kifi na ta kiran mutane daga ko'ina. Kawu ya fara da dakon kifi a bakin ruwa, daga nan ya zama yaron wani Basarke mai ƙera jirage, ya koyi zarto da gizago, ya koyi tuƙi, ya koyi iyo bayan ya riga ya yi gemu. Da labari ya kai masa cewa an datse kogin Gada a gida, ruwa ya kwanta a bayan Jibiya, sai ya tattara iyalinsa da kayan aikinsa cikin buhu biyu ya dawo.

Mu da muka taso a nan mun san kogin Gada da halinsa. Wata huɗu yake gudu a shekara, sauran watannin rairayi ne da yara ke ƙwallo a kai. In ya tsallaka Nijar sai ya zama Gulbin Maraɗi, ya yi zagayensa ya sake shigowa Nijeriya ya faɗa kogin Rima. A 1991 aka gama madatsar, bango mai tsawon fiye da kilomita uku, wadda aka ce tana ɗaukar ruwa mita miliyan 142 a ma'aunin injiniyoyi. Don noman rani da ruwan sha aka yi ta. Amma ruwa in ya kwanta ba ya shawara da kowa kafin ya tara kifi, kifi kuwa ba ya daɗewa bai tara masunta ba.

A ranin 1993 Kawu ya ƙera jirginsa a ƙarƙashin wata bedi da ke ƙofar gida, mutanen unguwa na wucewa suna tambayarsa ko Ɗufana ake jira. Tsawonsa ƙafa ashirin da huɗu, gindinsa a shimfiɗe, katakon maɗaci a ƙasa inda ruwa ke zama, farin katako mai araha a sama inda kuɗi suka ƙare. Wannan duk ba abin mamaki ba ne, wasu ma sun sayo kwale-kwale daga wasu wurare. Abin da ya sa aka san jirgin Kawu shi ne gorar da ya kafa a gabansa, da buhunan taki tara da ya farke ya wanke ya ɗinke da basilla suka zama shimfiɗa guda mai kama iska. Ya ce a Kainji ya ga masu tafiya mai nisa suna haka don su huta da tuƙi, kuma shi ba ya da kuɗin inji, in ma yana da su ba zai ba Yamaha abin da Allah ke bayarwa kyauta ba.

A nan bari in ɗan ratse, tunda da marubuta nake magana. Na sha wuya kafin in san sunan da zan kira wannan abu da shi. Na ga inda aka rubuta filafili, amma a bakin Kawu filafili shi ne abin tuƙi na hannu, in ka ce ya miƙo maka filafili ba buhu zai miƙo maka ba. Shi laima yake ce masa. Na taɓa yi masa gardama irin ta ɗan makaranta, na ce laima ai ta rana ce da ruwan sama. Ya ce, "To ɗan boko, kai da ka san sunanta, tashi ka ɗaura ta." Ban iya ba. Tun daga ranar na bar masa sunansa, kuma da shi zan ci gaba a nan.

Ina shekara goma sha biyar mahaifiyata ta miƙa ni gare shi, wai in rage yawon tasha. Na zaci tuƙi za a koya mini. Ashe mai jirgi, in ka auna kwanakinsa, wanda yake yi a tudu yana gyara bai gaza wanda yake yi a ruwa ba. Kowace shekara in bazara ta kama, ruwa ya ja baya, sai mu tara mutum shida mu jawo jirgin waje mu kife shi a kan duwatsu. Aikina na farko kankare gansakuka da tsohuwar kwalta da guntun galma, aikin da ke cin kwana biyu da fatar hannu. In na gama sai Kawu ya zo da 'yar gudumarsa ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa, kamar mai sayen tukunya a kasuwar Lahadi. Katako mai lafiya amsawa yake da ƙara mai kaifi. Wanda ya fara ruɓewa a ciki kuwa, ko da fuskarsa sumul take, sai ka ji ya ce dum, kamar an bugi kabewa. Inda duk ya ji haka sai ya zana da gawayi.

Daga nan sai ƙusoshi. Ya nuna mini cewa ƙusa ba ta mutuwa a ɓoye, sai ta zubar da baƙin hawaye a jikin katako. In ka ga baƙin layi ya gangaro daga kanta, to tsatsa ta cinye ta a ciki, abin da ya rage bai fi tsinke ba. Ba a mayar da sabuwa a ramin tsohuwa. Sai a toshe ramin da ɗan itace, a huda wani kusa da shi, a buga sabuwa ta ɓullo ta ciki, a lanƙwashe bakinta ta koma cikin haƙarƙarin jirgin. Ni ne mai riƙe ƙarfe ta ciki yana bugu ta waje, har yau in na tuna sai in ji haƙorana na amsawa.

Amma uwar aikin ita ce cusa auduga. Tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa akwai tsaga, kuma wannan tsaga ita ce ran jirgi. Za a zaƙulo tsohuwar audugar da ƙugiya, a bar tsagar ta sha rana ta bushe ƙayau, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace. Sannan a murza sabuwar auduga a cinya ta zama kamar lagwani, a riƙa tura ta da wani dasasshen ƙarfe mai faɗin baki ana bi da gudumar itace, taƙi bayan taƙi. Sai an gama a narka kwalta a rabin garwa a bi tsagar da ita tana tafasa. Abin da ya fi ba ni wuya in gane shi ne ƙarfin bugun. In ka yi sako-sako ruwa ya sami hanya. In ka danna da ƙarfin tsiya kuma ka yi ɓarnar da ta fi, domin katako in ya koma ruwa kumbura yake ta faɗinsa, in bai sami wurin da zai kumbura ba sai ya banƙare ya tumɓuke ƙusoshinsa. Kawu kan ce audugar da katakon aure za su yi, ba kokawa ba. Bayan an gama duka sai a tura jirgin ruwa a bar shi ya nutse da gangan, kwana uku yana sha, sannan a kwarfe. Ranar farko da na ga haka na ɗauka aikinmu ne ya lalace, na kusa kuka.

Laimar ita ma tana da nata. Rana ce maƙiyiyar buhun leda, shekara guda in ta yi sai ka ga tana zubar da gari in an taɓa, don haka Kawu ba ya barin ta a shanye in ba tafiya ake ba. Igiya kuma ba a tsakiya take tsinkewa ba, sai inda take gogar gora, nan yake naɗa tsumma. Ramin da gindin gorar ke zama a ciki shi ne wurin da ya fi bincike, saboda ruwan sama na kwanciya a nan, kuma ya ce ruwan da ke kwance cikin jirgi ya fi wanda ke wajensa cin katako. Tunda gindin jirgin a shimfiɗe yake, ba ya iya sāɓa wa iska, sai dai ya bi ta ko ya ɗan karkace, Kawu na zaune a baya ya kafa filafili cikin ruwa yana gyara masa fuska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juya ta fito daga kudu maso yamma, saboda haka inda za a zuba taru ma sai an duba ta inda za a dawo da kaya. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa, kuma doka ɗaya ce: da ka ga gabas ta yi baƙi, ka ji iska ta ɗauke ɗif, sauke laima kafin ka gama salati.

To, yanzu na zo inda na daɗe ina kewaye-kewaye don kada in zo.

Ƙarshen watan Yuli na 1996 jirgin ya hau kan kututture. Madatsa ta shanye gonaki da itatuwa, kututturansu na nan a ƙasa suna jiran mai tsautsayi. Katako bai fashe ba, amma tsaga biyu na baya sun buɗe. Gyara da damina azaba ne, sai da muka yi rumfa muka hura wutar kara kusa da shi kafin tsagar ta bushe. Ranar Asabar 3 ga Agusta Kawu ya gama tsaga ɗaya da hannunsa, aka aiko masa da rasuwa a Katsina, ya miƙo mini ƙarfen da gudumar ya ce in ƙarasa ɗayar. Karo na farko ke nan da ya bar ni da tsaga ni kaɗai.

Wanda ya yi wayo a lokacin ya san wace rana ce wannan. Kwana uku kafin nan Kanu ya zura wa Brazil biyu a gasar Atlanta, kuma a daren ne za a yi wasan ƙarshe da Ajantina. Gidan da ke da talabijin da janareta a unguwarmu ɗaya ne, in ba ka kama wuri tun la'asar ba sai dai ka ji ihu daga waje. Na yi ta cusa auduga ina duban rana. Saura kamar taƙi biyu audugar da na murza ta ƙare, ga abokaina sun tsaya a kaina da kekuna. Na dubi tsagar, na ga ai siririya ce a nan. Na ɗebo kwalta na malala a kai, na shafe ta sumul har ta fi sauran wurin kyau, na wanke hannu da kananzir na hau bayan keke. Amunike ya ci ta uku, muka kwana muna ihu a titi har bakin shinge.

Kwalta ta riƙe kwana tara. Ran na goma muna tsakiyar ruwa da yamma, mu uku, ni da Kawu da autansa mai shekara bakwai, jirgi ya yi nauyi da jiƙaƙƙen taru da kifi, iska ta tashi ruwa ya fara tsalle. Jirgin katako in yana hawa igiyar ruwa motsi yake a gaɓoɓinsa, auduga na bin motsin, busasshiyar kwalta kuwa ba ta bi, tsagewa take. Auta ne ya fara cewa, "Baba, ruwa na taɓa mini ƙafa." Kafin in waiga ya kai idon sawu. Ba ɗiɗɗiga yake ba, shigowa yake kamar an tsaga salka, kuma daga inda na sani.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce in ba Auta ƙwarya, ni in karɓi filafili in riƙe jirgin a kan iska kada in bari ya ba ta gefe. Ya cire rawaninsa ya kece shi da haƙori, ya durƙusa cikin ruwan yana laluben tsagar da yatsa, ya riƙa tura ƙyallen da bayan wuƙa. Yaron nan na kwarfa yana kuka, ni ina riƙe da filafili hannuna na rawa, ina lissafin cewa a cikinmu mutum ɗaya ne ya iya iyo, kuma hannu biyu gare shi. Da tuƙin hannu ne da ba mu kai ba, don babu mai hannun da zai tuƙa. Buhunan takin nan tara su suka ja mu har cikin ciyawar gaɓa, jirgin ya zauna a laka ruwa na gab da bakinsa.

Da dare mutane suka zo jaje. Aka tambayi Kawu abin da ya faru, ya ce, "Kwaltar bana ce ba ta da kyau." Ina zaune a gefen tabarma na ji, na yi shiru. Wani ma ya kama zagin masu sayar da kwalta, wai suna haɗa ta da baƙin mai, na gyaɗa kai tare da kowa. Washegari Kawu ya sa na zaƙule tsagar nan tun daga goshi har baya na sake ta, yana zaune a kan dutse yana kallo bai ce uffan ba. Na ci gaba da yi masa aiki shekara uku, na tafi kwalejin horon malamai, na dawo na kama koyarwa, na yi aure, Auta ya girma. Maganar taƙi biyu ba ta taɓa fita daga bakina ba.

A ɗakin karatu na kwalejin ne na ci karo da littafin wani Ba'amurke, Joshua Slocum, mutumin da ya fara zagaya duniya shi kaɗai a jirgi mai laima. Ya tashi daga Boston a Afrilun 1895, ya dawo a Yunin 1898, bayan tafiyar mil dubu 46. Abin da ya kama ni ba tekun ba ne, farkon labarin ne. Jirgin nasa, Spray, kyauta aka ba shi, ruɓaɓɓe, yana yashe a fili a Fairhaven nesa da ruwa. Ya sare itacen da zai yi masa ƙashin baya da gatarinsa, ya dafa haƙarƙarin da tururi ya lanƙwasa, ya canza katako ɗaya bayan ɗaya wata goma sha uku, ya cusa masa auduga kamar yadda muke yi. Tsawonsa bai kai ƙafa 37 ba. Da na zo hutu na ba Kawu labari, ya saurara har ƙarshe, tambayarsa ɗaya ce: wa ke riƙe masa ƙarfe ta ciki in yana buga ƙusa? Da na ce masa mutumin bai iya iyo ba, kuma a 1909 ya fita da jirgin ba a sake ganinsa ba, sai ya yi shiru, can ya ce, "Jirgin ya tsufa, shi ma ya tsufa. Ɗayansu ya daina jin ɗaya."

Bayan ambaliyar Yulin 2018, wadda ta ci mutum fiye da 40 a Jibiya cikin dare ɗaya, jikin Kawu bai sake daɗi ba. Wata rana na je gaishe shi na tarar ba kowa a ɗakin, na zauna a bakin gado na ce, "Kawu, akwai abin da na daɗe ina son in faɗa muku. Shekarar da jirgi ya sha ruwa da mu, ba kwalta ba ce."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Kun sani?"

Ya ce, "Ni na sa yatsa a tsagar. Mi zan taras in ban da ruwa? Ko zare babu."

Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa, ko ya dake ni, don da ya fi mini sauƙi. Ya ce da ya faɗa a gaban mutane da kunya ta kore ni daga bakin ruwa har abada, uwata kuma ta rasa inda za ta sa kanta a gidan ƙanenta. "Kuma tun daga ranar ban sake bin bayan aikinka da guduma ba. Ka lura?" Wallahi ban lura ba sai da ya faɗa. Na nemi gafara, ya ce shi ya yafe tun a cikin ciyawa, amma mai kwaltar da aka zaga a tsakar gidansa, wannan sai in nemi inda zan biya shi. Ya rasu farkon 2019.

Abin da ya biyo baya kowa a nan ya sani. Daji ya ɓaci, zuwa bakin madatsa da asuba ya zama kasada, masunta da yawa suka watse. Auta ya ɗauko jirgin a amalanke ya ajiye shi ƙarƙashin bedin da aka ƙera shi, ya sayi babur ya koma jigila a kan iyaka. A Agustan 2019 aka rufe iyakar, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Ana cikin farfaɗowa aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. Magama ba ta da wata gona da ta wuce wannan hanya, in an rufe ta har mai sayar da ruwan sanyi sai ya ji a tukunyarsa. Auta ya sayar da babur ɗin ya ci. Shi kuwa jirgi shekara shida yana shan rana. Jirgin katako a tudu mutuwa yake a hankali: katakon ya tsuke, tsagogin suka buɗe har kana hango ƙasa ta cikinsu, gara ta hau farin katakon sama ta mayar da shi garin kunu, awaki suka mai da cikinsa ɗakin haihuwa.

Bara wani mai shayi ya taya maɗacin, zai yi benci da teburi. Kuɗin ba su da yawa, amma gidan na bukatarsu. Ni ba ni da ta cewa a shari'a, ɗan 'yar'uwa ba ya gado inda 'ya'ya suke. Na je na sami matar Kawu, wadda muke kira Inna, na ce a ba ni wata uku. Auta, da yake taubashina ne, ba ya raga mini. Ya ce, "Yaya, kai bawan gidanmu ne, in ka ce za ka yi mana aiki kyauta wa zai hana ka? Amma ka sani ni zan shiga jirgin nan da 'ya'yana, ba alli da allo ba ne." Dariya yake, ni kuwa maganar ta sauka inda bai nufa ba, don har yau bai san abin da ya sa ya yi kwarfa yana kuka ba. Na ce masa ya zauna, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe ƙwallo ka sayar da ni." Bai ƙara ba, kuma bai fasa ba ni jirgin ba.

Tsoro na ji, ba na ɓoyewa. Na tuna jirgin da ya rabe biyu a kusa da Wara a Mayun 2021 ɗauke da mutum fiye da 150, a ruwan da Kawu ya koyi sana'a. Na tuna na Ɓagwai a Nuwamban shekarar, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya. In an ba da irin wannan labari lodi ake zargi, kuma gaskiya ne, amma wanda ya taɓa riƙe gudumar itace ya san lodi na neman inda aka yi ha'inci ne ya shiga. Ni malamin makaranta ne mai shekara arba'in da wani abu, rabona da ƙarfen cusa auduga tun kafin a haifi ɗalibaina. Saboda haka na nemo wani tsoho mutumin Yawuri da ya rage a bakin madatsa, na ce ba aikin nake so ya yi ba, so nake ya bi bayana da guduma.

Albashin wata biyu ya tafi. Katakon sama duka mun zubar, haƙarƙari biyar cikin goma sha ɗaya mun canza, ƙusa kuwa ko ɗaya ba mu bari ba. Maɗaci yanzu sai mai hali, abin da na samu a 'yan katako na Katsina guda biyu ne, na sa su inda tsohon ya ce dum. Sauran na ƙasa na Kawu ne tun 1993, da muka kankare su sai ga jan nan nasu kamar jiya aka yanko. Inna ta leƙo wata rana ta ga tulin ruɓaɓɓen da muka cire ya fi abin da ya rage, ta ce, "To wannan jirgin Malam ne ko naku?" Tsohon ya ce mata muddin gindin na nan, nasa ne. Auta ya ce a'a, na wanda zai biya bashin ƙusa ne.

Tsagogin da suka yi shekara shida a buɗe sun fi ƙarfin auduga kaɗai, kuma in ka cika su a yadda suke, ranar da katakon ya sha ruwa zai tumɓuke komai. Tsohon ya sa muka yi mako guda muna shimfiɗa masa jiƙaƙƙun buhunan algarara safe da yamma har tsagogin suka rage baki, muka bar gefensu ya sha iska, sannan na zauna da ƙarfe. Kwana huɗu na yi. Da na zo tsagar baya ta hagu Auta ya jawo kujera ya zauna a kaina, ya ce shi ba abin da yake nufi, inuwa ce ta fi a nan.

Da yake an sami ɗan sauƙin hanya tun sulhun 2025, ranar wata Alhamis muka ɗora shi a amalanke muka kai shi ruwa. Ya nutse kamar yadda ya kamata. Ran Lahadi da sassafe muka kwarfe shi tas, muka goge cikinsa da tsumma, muka zauna a gaɓa mu uku muna jira. Bayan kamar sa'a guda tsohon ya shiga ya duba. Baya a bushe take. A gaba ne, inda sabon maɗaci ya haɗu da na Kawu, ruwa ke tsattsafowa kaɗan-kaɗan, abin da bai cika kofin shayi ba. Na ce a fito da shi in sake. Tsohon ya ce a'a, sabon katako bai gama sha ba, a ƙara masa kwana biyu, in bai daina ba sannan a yi magana.

Gorar na nan mun samo, Inna kuma ta wanke buhu tara ta shanya a kan danga. Basillar Kawu ce har yanzu ba mu gani ba, ta ce mu duba cikin tsohuwar adakarsa in Auta ya dawo da mabuɗin.